Idan Tagwaye Suka Raba Hanya, An Ci Amanar Zumunci Ne?

 Akwai wata tambaya da muke so mu sa a gabanmu a wannan fitowa, wadda a ido kamar ta yara ce, amma nauyinta a wuyan manya yake. Idan mutum biyu suka sha wuya tare, baƙin ciki ya ɗaure su da igiya ɗaya, sa'an nan wata rana ɗayansu ya ga ƙofa a buɗe ya ce zai bi ta, ya ci amanar ɗan'uwansa ke nan? Wanda aka bari a baya kuwa, yana da hakkin ya riƙe masa riga? Abin da ya tayar mana da wannan tambaya wani ɗan littafi ne da aka rubuta domin yara a ƙasar Ingila, wanda muke ganin ya cancanci iyaye da malamai su zauna su yi tunani a kansa.

Labarin Ruby da Garnet

Sunan littafin Double Act, watau irin wasan nan da mutum biyu sukan yi tare a gaban jama'a, kowa yana cika na ɗan'uwansa. Jacqueline Wilson ce ta rubuta shi, wadda aka haifa a birnin Bath a 1945, ta kuma shahara wajen rubuta wa yara labaran gidajen da ba su zauna daidai ba. Littafin ya fito a 1995, ya ci kyautar Smarties a shekarar, a 2002 kuma aka mai da shi fim na talabijin.

Labarin na wasu tagwaye ne mata, masu kama ɗaya, 'yan shekara 10, Ruby da Garnet. Su da kansu suke ba da labarin, suna karɓa-karɓa wajen rubutu a cikin wani littafin lissafin kuɗi da suka samu. Ruby ta riga 'yar'uwarta zuwa duniya da minti 20, kuma ba ta bari a manta da wannan ba. Ita ce mai baki, mai son a gan ta, burinta ta zama 'yar wasan kwaikwayo. Garnet kuwa shiru-shiru ce, mai son karatu, duk inda Ruby ta sa ƙafa nan take sa tata. Mahaifiyarsu ta rasu, suna zaune da ubansu da kakarsu, sun kuma saba da wannan zama har ya zame musu kamar katanga.

Sai katangar ta fara tsagewa. Uban ya haɗu da wata mace mai suna Rose, aikinsa ya ƙare, ya sayi kantin sayar da littattafai a wani ƙauye, ya kwashi 'ya'yansa da Rose suka koma can. Kakar, wadda ciwon gaɓoɓi ya dama, ba ta bi su ba, ta koma gidan da aka tanada domin tsofaffi. Ku duba fa: yaran da suka rasa uwa, yanzu sun rasa kaka, sun rasa gidan da suka sani, kuma a ganinsu uban ma an ƙwace musu shi. Ruby ta yanke hukunci a madadinsu duka biyu cewa ba sa bukatar kowa, tun da suna da juna. Ko da Garnet ta so ta yi ƙawa a sabuwar makaranta, dole ta haƙura.

Daga baya Ruby ta ja 'yar'uwarta suka tafi Landan ba da izini ba, domin a gwada su a wani wasan talabijin da ake neman tagwaye. Tsoro ya kama Garnet, abin bai yiwu ba. Ruby ba ta daddara ba, ta sa suka nemi gurbin karatu kyauta a wata makarantar kwana ta 'yan mata mai suna Marnock Heights. Suka rubuta jarrabawa su biyu, gurbin kuwa ɗaya ne, aka ba Garnet, wadda tun farko ba ita ta nema ba. Ruby ta fusata, ta yanke gashin kanta domin kada su ƙara yin kama, ta daina yi wa 'yar'uwarta magana. Sai dab da tafiya ta sauko, ta nemi gafara, suka shirya. Amma littafin bai ƙare da cewa Garnet ta fasa ba. Ta tafi, Ruby ta zauna.

Abin da rashi yake yi wa yaro

Kafin mu yanke wa kowa hukunci, ya kamata mu gane abin da ya ɗaure yaran nan. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Yaron da mutuwa ta raba shi da uwa ya koyi wani darasi tun lokacinsa bai yi ba: wanda kake ƙauna yana iya fita bai komo ba. Daga ranar nan yakan damƙe abin da ya rage masa da hannu biyu. Wani likita ɗan Birtaniya, John Bowlby, wanda ya yi shekaru yana nazarin shaƙuwar yaro da mai renonsa, ya fitar da littafi a kan rashi a 1980. A ciki ya nuna cewa yara ma suna makoki na gaske, kuma sun fi samun sauƙi idan aka faɗa musu gaskiya, aka bar su su yi tambaya, aka kuma samu wani babba tsayayye da za su jingina da shi. Inda ba a yi haka ba, baƙin cikin ba ya gushewa, sai dai ya sāke kama.

A wurin Ruby ya fito da kamar mulki, a wurin Garnet kuwa da kamar biyayya, amma tushensu ɗaya ne, watau tsoro. Ruby tana ba da umarni domin idan komai yana hannunta, ba abin da zai sāke suɓuce mata. Garnet tana bi domin tana tsoron kada ta ce a'a ta rasa mutum na ƙarshe da ya san ciwonta. Wanda ya gan su daga nesa zai ce kai, ga zumunci. Lalle akwai ƙauna ta gaske a tsakaninsu, amma tsoro ya shiga ya cuɗe da ita, har su kansu ba su iya rarrabe wannan da wancan ba.

Ɗan'uwa rabin jiki

Mukan ce ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma masana na dā sun faɗi abin da ya yi kusa da haka. Aristotal, masanin nan na ƙasar Girka, ya ɗauki amini a matsayin wani kai na biyu. Agustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, a ƙasar da muke kira Aljeriya a yau, ya ba da labarin yadda wani abokinsa na ƙuruciya ya rasu, ya ji kamar an tsaga ransa biyu an tafi da rabi, har garinsu ya zame masa wurin azaba. Duk wanda ya taɓa binne nasa ya san wannan ba ƙari ba ne.

Amma akwai haɗari idan muka ɗauki wannan magana fiye da inda ta tsaya. Idan ɗan'uwana rabina ne a zahiri, to, ba shi da hanyar kansa, gama hannu ba ya ce wa jiki zai tafi makaranta. Nan ne Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya taimake mu da wata rarrabewa. Ya nuna akwai son da muke yi wa abu domin amfanin da muke samu daga gare shi, akwai kuma ƙaunar aminci, inda muke so wa mutum alheri domin shi kansa. Muddin alherina da na ɗan'uwana suna tafiya a hanya ɗaya, ba mai iya gane wace iri ce a zuciyata. Ranar da hanya ta rabu biyu, ranar ce ake sanin gaskiya. Wasiƙar makarantar nan ita ce ta kawo wa Ruby wannan rana.

To, mene ne cin amana? Cin amana shi ne mutum ya ƙi biyan abin da yake wuyansa ga wanda ya dogara da shi. Sai mu tambaya, me Garnet take da shi a wuyanta game da Ruby? Akwai ƙauna, akwai gaskiya, akwai tunawa da ita, akwai komowa gare ta, akwai kuma riƙe tunanin uwarsu tare. Duk waɗannan tana iya biyansu daga nesa. Abin da ba ya cikin bashin shi ne ta zauna inuwar wata har abada, ta binne baiwar da aka ba ta domin kada 'yar'uwarta ta ji zafi. Ba wanda yake bin wani irin wannan bashi, ko da ciki ɗaya suka kwanta.

Wani zai ce, ashe sadaukarwa ba abin yabo ba ce? Da Garnet ta ce ta fasa saboda 'yar'uwarta, ai da mun yaba mata. Gaskiya ne sadaukarwa tana da daraja, amma sai idan da yardar rai aka yi ta, kuma ta biya wata bukata ta gaske. Da Ruby tana kwance ba lafiya, ba mai jinyarta, da maganar ta sāke. Amma abin da Ruby take nema shi ne kada kome ya canja, wannan kuwa ba mai iya ba ta shi. Da Garnet ta zauna saboda tsoron fushin 'yar'uwarta, da ta yi ta haɗiye abin a zuci, shekara goma ko ashirin ya fito da kamar ɗaci. Ruby kuma da ba ta taɓa gane cewa tana iya tsayawa da ƙafarta ba. A cikin labarin, sai da aka bar ta ita kaɗai ta yi abota da wani yaron ƙauyen da dā suke gaba, ta kuma fara kallon Rose a matsayin mutum. A ƙarshe ta gane cewa ita da ake gani mai ƙarfi, ta jingina da Garnet kamar yadda Garnet ta jingina da ita.

Abin da za a iya faɗa a kan wannan ra'ayi

Ba za mu yi adalci ba idan ba mu saurari masu ja da mu ba. Na farko zai ce, wannan tunanin Turawa ne, inda kowa kansa ya sani, mu kuwa mutanen zumunci ne. Amsarmu ita ce, mu ma mun san wannan gaskiya tun kaka da kakanni. Wace uwa ce ba ta yi kuka ranar da aka kai 'yarta ɗakin miji ba, wace ce kuma ta ce saboda haka a fasa? Da muka ce zumunci a ƙafa yake, ai mun riga mun yarda cewa akwai tazara tsakanin 'yan'uwa, gama ba a takawa zuwa wurin wanda ake ɗaure da shi. Zumunci aiki ne na mutum biyu, kowa da gidansa, da suka zaɓi su riƙa neman juna.

Na biyu zai ce, yarinya 'yar shekara 10 da ta rasa uwa, a ɗauke ta a kai makarantar kwana, a raba ta da wadda ta fi kusa da ita, wannan ba ƙarin rauni ba ne? Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Ba kowace rabuwa ce alheri ba. Wani marubucin Jamus, Erich Kästner, ya fitar da labarin wasu tagwaye mata a 1949, Luise da Lotte, waɗanda iyayensu suka rabu tun suna jarirai, uba ya ɗauki ɗaya, uwa ta ɗauki ɗaya, ba wanda ya gaya musu cewa suna da 'yar'uwa, sai da suka haɗu a wani sansanin hutu na yara. Wannan labari ya ƙare da haɗuwa, kuma daidai ne ya ƙare haka, domin rabuwar da aka yi musu manya ne suka yi ta saboda sauƙin kansu, suka kuma rufe ta da ɓoye gaskiya.

Wannan ya kamata ya taɓa mu, gama mun san abin da yakan faru a gidajenmu bayan an share makoki. Dangi sukan zauna su raba marayu kamar ana rabon gado: wannan gwaggo ta ɗauka, wancan kawu ya tafi da shi wani gari, ba wanda ya durƙusa ya tambayi yaran ko ya bayyana musu dalili. Sau da yawa talauci ne yake tilasta haka, kuma masu riƙon suna yi ne da zuciya ɗaya, Allah ya sāka musu. Duk da haka, kada wani ya ɗauki labarin Ruby da Garnet ya ce ya ba shi hujja. Akwai tambayoyi uku da za su taimake mu mu rarrabe rabuwa mai gina yaro da mai rushe shi. Domin alherin wa ake yin ta? An tambayi yaron, an kuma gaya masa gaskiya? Hanyar komowa a buɗe take, ta ziyara da hutu da wasiƙa ko waya? Tafiyar Garnet ta amsa ukun nan. Rabon da aka yi wa Luise da Lotte bai amsa ko ɗaya ba.

Na uku zai ce, me ya sa za a ba yara labarin mutuwa da rabuwa, ba za a bar su da abin dariya ba? Amsa ita ce, mutuwa ba ta jira yaro ya girma kafin ta shiga gidansu. Mu manya mukan ce wa yaro mamarka ta yi tafiya, muna tsammani mun tausaya masa, shi kuwa ya yi ta duban ƙofa, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da maganarmu. Labari irin wannan yana ba yaro kalmomin da zai kira abin da yake ji. Yarinyar da take jin haushin sabuwar matar ubanta, ko take kishin 'yar'uwarta, tana kuma jin kunyar hakan, za ta ga cewa ba ita kaɗai ba ce, kuma ana fita daga wannan rami. Tatsuniyoyinmu ma ba su ɓoye marainiya da kishiyar uwa ba. Bambancin shi ne, a nan Rose ba muguwa ba ce. Mace ce mai haƙuri da ta shigo gidan da ake makoki, ta sha tsiwa da rashin kunya, ba ta kuwa ce sai an kira ta uwa ba.

Abin da ya rage a wuyanmu

Akwai wani abu game da yadda aka yi littafin da ya dace mu lura da shi. Masu zane biyu ne suka yi hotunansa, Nick Sharratt da Sue Heap, ɗaya yana zana Ruby, ɗaya tana zana Garnet. Yara biyu masu fuska ɗaya, amma kowace da hannun da ya zana ta. Mu kuwa sau da yawa da ido ɗaya muke kallon tagwaye. Mukan ɗinka musu kaya iri ɗaya, mu kira su 'yan biyu kamar suna ɗaya ne, mu ce Hassana da Hussaina a numfashi guda. Ba laifi ba ne, abin sha'awa ne ma, amma ya kamata a samu lokacin da uwa ko uba zai zauna da kowace ita kaɗai, ya ji abin da take so da abin da take tsoro. Wannan bai tsaya ga tagwaye ba. Kowane gida yana da mai baki da mai shiru, mai shirun kuma yakan ɓace a bayan mai bakin, mu ce ai ba ta da matsala, alhali ba mu taɓa tambayarta ba.

Haka kuma mu kiyayi gwada yaro da ɗan'uwansa. Wata marubuciyar Amurka, Katherine Paterson, ta fitar da labarin wasu tagwaye mata a 1980, wanda ya ci lambar Newbery a 1981. Ta ɗauko sunan littafin daga labarin Yakubu da Isuwa, domin ɗaya daga cikin tagwayen ta girma tana ganin ita ce Isuwan gidansu, wadda aka manta da ita saboda 'yar'uwarta mai rauni da kyakkyawar murya. Ba ta sami salama ba sai da ta bar tsibirinsu ta zama ungozoma a wani wuri mai nisa. Gwadawa ita ce take mai da bambanci ya zama gaba. Idan ɗaya ya ci jarrabawa ɗaya ya faɗi, kada murnar wanda ya ci ta sa mu manta da wanda ya zauna a gida. Ranar da Garnet ta sami gurbin nan, Ruby ce ta fi bukatar a rungume ta, ko da yake ita ce ta fi wuyar runguma a ranar.

Saboda haka, ga amsar da muka iske ga tambayar da muka fara da ita. Wanda ya bi hanyar da ta dace da baiwarsa, bai yi ƙarya ba, bai yar da nasa ba, yana kuma komowa, bai ci amanar kowa ba. Wanda aka bari yana da hakkin ya yi kuka, ya kamata kuma mu zauna tare da shi ya yi kukansa, amma ba shi da hakkin ya rufe ƙofa. Mu kanmu manya muna da irin wannan jarrabawa: ƙanin da ya fi mu karatu, aminin da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗan da ya zaɓi sana'ar da ba tamu ba, gwauruwar da ta ga 'yarta ta ƙarshe za ta yi aure. A kowane ɗaya lamirinmu zai tambaye mu ko alherinsa muke so, ko dai zamansa kusa da mu.

Muna roƙon iyaye da malaman makaranta da duk mai riƙon maraya, a wannan mako ku kira yaron nan mai shiru shi kaɗai, ku ambaci sunan wanda ya rasu a gabansa ba da tsoro ba, ku tambaye shi abin da yake tunawa, sa'an nan ku yi shiru ku saurara. Idan kuma akwai 'yan'uwan da aka raba tsakanin gidaje, a nemi kuɗin mota a haɗa su a hutu mai zuwa. Allah ya ba mu hikimar reno, ya kuma ta'azantar da dukan waɗanda suka yi rashi.